Muhammad ko Ahmad: wanne za ka raɗa wa ɗanka?

Duk wanda Allah ya ba ɗa namiji, zuciyarsa kuma ta karkata ga ya sa masa sunan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sunaye biyu ne ke fara faɗo masa: Muhammad da Ahmad. Wasu kan sako Mahmud ya zama na uku. Mutane da yawa na ganin babu abin tsayawa tunani a nan, tunda Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ta wajen asali da daraja, gaskiyarsu. Amma ta wajen yadda yaron zai rayu da sunan, a bakin mutane da kuma kan takarda, tazarar da ke tsakaninsu ta fi yadda ake zato.

Duka ukun daga saiwa ɗaya suka tsiro a Larabci, wato haruffan nan uku, ha da mim da dal, waɗanda suka ba mu hamdala da Alhamdu lillahi. Ma'anar saiwar ita ce yabo da godiya. Mahmud ne mafi sauƙin gini: wanda aka yaba. Muhammad kuwa an gina shi a kan sigar aikatau mai shadda, wadda a Larabci take nuna yawa da maimaici, don haka ma'anarsa wanda ake ta yabo, a yaba a sake yabawa. Ahmad yana kan sigar fifiko, irin ta Akbar da Akram da As'ad, kuma malaman lugga sun ba shi fuska biyu: wanda ya fi kowa cancantar yabo, ko wanda ya fi kowa yabon Ubangijinsa. Ibnul Ƙayyim ya raba su da cewa Muhammad na nuni ga yawan yabon, Ahmad kuma ga ingancinsa.

A Alƙur'ani, sunan Muhammad ya zo sau 4: a Ali Imrana aya ta 144, da Ahzab aya ta 40, da surar da ke ɗauke da sunan aya ta 2, sai Fat'hi aya ta 29. Ahmad sau ɗaya tak ya zo, a suratus Saffi aya ta 6, inda Annabi Isa, alaihis salam, yake yi wa Bani Isra'ila bushara da manzon da zai zo a bayansa. Mahmud bai zo a matsayin suna ba. Siffa ce a suratul Isra'i aya ta 79, inda aka yi wa Annabi alkawarin matsayi abin yabo, wanda malaman tafsiri suka fassara da babban ceto na ranar ƙiyama. Haka a hadisin Jubairu ɗan Muɗ'im da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi da bakinsa ya lissafa sunayensa, ya fara da Muhammad, ya bi da Ahmad, sannan Mahi da Hashir da Aƙib. Mahmud ba ya cikin jerin. Saboda haka wanda burinsa shi ne ɗansa ya zama takwaran Annabi da nassi tabbatacce, zaɓinsa na tsakanin biyun farko ne, kuma ko wanne ya ɗauka ya cimma burin. Babu wanda zai ce wa mai suna Ahmad takwarakarsa rabi ce.

Akwai wata magana da ke yawo a bakin mutane da sunan hadisi, wai mafi alherin sunaye shi ne wanda aka gina a kan hamdu ko a kan bauta. Malaman hadisi sun ce ba ta da asali da wannan lafazi. Abin da ya tabbata a Sahihu Muslim shi ne sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. Abin da ya tabbata game da Muhammad kuma izini ne: Annabi ya ce a sa sunansa, amma kada a yi alkunya da alkunyarsa, wato Abul Ƙasim. Na kawo wannan ne domin kada wani ya zaɓi suna bisa tsoron cewa zai rasa wani lada da ba a yi alkawarinsa ba.

Tarihin sunayen biyu bai tafi kafaɗa da kafaɗa ba. Muhammad ya shiga gidajen Musulmi tun Annabi na raye. An sa shi ga ɗan Ɗalha ɗan Ubaidullahi, Sayyidina Abubakar ma ya sa wa nasa da aka haifa a hanyar hajjin bankwana, daga baya Sayyidina Ali ya sa wa ɗansa da aka fi sani da Ibnul Hanafiyya. Ahmad ya makara sosai. Masana tarihi na ambata cewa mutum na farko da aka sa wa sunan bayan Annabi shi ne mahaifin Khalil ɗan Ahmad, malamin luggar nan na Basra da ya tsara ilimin ma'aunin waƙar Larabci a ƙarni na biyu na Hijira. Sai da aka kai zamanin Imam Ahmad ɗan Hambali, wanda ya rasu a shekarar 855 miladiyya, sannan sunan ya kama ƙasa. Daga nan bai sake ja da baya ba: Ahmad Baba na Tambutu da ya rasu a 1627, Shehu Ahmad Tijjani da ya rasu a Fas a 1815, Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Ahijo na Kamaru, Ahmad Seku Ture na Gini, Ahmad Bin Bella na Aljeriya.

Ga inda nake ganin zaɓin yake da gaske. Muhammad ya yi yawan da shi kaɗai ba ya iya ware mutum daga cikin jama'a. Malami ya ɗaga rajista ya kira Muhammad, kawuna biyar ko shida su ɗago, kowa na jiran a ƙara wani abu. Wannan ƙarin da ake jira shi ne ke zama sunan yaro na yau da kullum, na farkon ya koma takarda.

Ba yau aka fara ba. Imam Buhari sunansa Muhammad ɗan Isma'ila. Imam Shafi'i Muhammad ɗan Idrisu ne, Tirmizi Muhammad ɗan Isa, Ibn Baɗɗuɗa Muhammad ɗan Abdullahi. Gazali, wanda ya rasu a 1111, shi Muhammad, mahaifinsa Muhammad, kakansa Muhammad. Babu ɗayansu da duniya ta riƙe da sunansa na yanka. An riƙe su da garinsu ko kakansu ko laƙabinsu. Imam Ahmad kuwa da Ahmad ɗin ake kiransa har gobe, ko da yake ba zan ɓoye ba, Nasa'i da Ibn Taimiyya da Ibn Hajar duk Ahmad ne, su ma laƙabi ya danne musu suna. Sai dai abin da ke faruwa ga Ahmad jifa-jifa, ga Muhammad kusan ƙa'ida ce.

Kowace al'umma ta samo dabararta. A Bangaladash da Pakistan da Indiya, Muhammad ya zama kamar share fage da ake sa wa a gaban ainihin suna, har ana gajarce shi zuwa Md, a Malesiya kuma Mohd. Muhammad Yunus da ya ci kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006, da Yunus ake kiransa, kamar yadda ake kiran Muhammad Iƙbal da Iƙbal. A Hausa kuwa ƙirgen Larabci aka aro: Auwal, wanda baki ya mayar Lawal ko Lawan, sai Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru. Asalinsu Muhammad na ɗaya, na biyu, na uku, har zuwa na goma, ga uban da ya ƙudurta duk ɗan da ya haifa zai zama Muhammad. Bayan su ga siffofin Annabi da ake liƙawa, irin su Aminu da Bashir da Nazir da Mustafa, ga kuma na manyan malamai da shugabanni, kamar Buhari da Sanusi da Bello. Yau za ka haɗu da Salisu ko Bashir da ka san shi shekara da shekaru, ba ka taɓa jin cewa Muhammad ne ba sai ran da ka ga katin shaidarsa.

To wanda ya zaɓi Muhammad ya sani cewa aiki biyu ne a gabansa. Ya zaɓi na farko, dole ya zauna ya zaɓi na biyu da irin wannan kulawar, domin na biyun ne za a riƙa kira safe da yamma. In bai zaɓa ba, abokan wasa da maƙwabta za su zaɓa masa, kuma ba lalle su zaɓi abin da zai yi masa daɗi ba. Ahmad ba ya ɗora wa uba wannan nauyi. Yana da 'yan rakiyarsa shi ma, Tijjani da Rufa'i, waɗanda ke komawa ga shehunan ɗariƙa biyu masu wannan suna, amma yana iya tsayawa shi kaɗai daga haihuwa har tsufa.

Akwai kuma abin da wasu ke kira nauyin suna. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji wani mutum na zagin wani mai suna Muhammad, ɗa ga ɗan'uwansa Zaidu, yana ambatar Muhammad a cikin zagin, sai ya kira yaron ya canza masa suna zuwa Abdurrahman, don kada a riƙa zagin wannan suna ta dalilinsa. Ya so ya yi haka ga Muhammad ɗan Ɗalha, amma da aka shaida masa Annabi ne ya raɗa masa, sai ya ƙyale. Wannan jin nauyin na nan har yau a zukatan iyaye da yawa. Yaro yaro ne, zai yi ɓarna, za a daka masa tsawa, wani lokaci baki ya suɓuce. Turkawa ma ana danganta Mehmet ɗinsu da irin wannan ladabi, wato a bar cikakken lafazin ga mai shi, a kira yaro da sassauƙan. A ƙa'ida Ahmad ma ya cancanci wannan kiyayewa tunda shi ma sunan Annabi ne, amma a aikace kunnen mutane bai ɗora masa irin wannan nauyin ba. Ko hakan riba ce ko hasara, ya danganta da abin da kake nema. Wani uban so yake sunan ya zama linzami ga yaron da masu mu'amala da shi, wani kuma tsoron alhakin yake.

Ta wajen furuci, duka ukun na da harafi guda mai wahala, ha ƙarami, ح, wanda ke fitowa daga tsakiyar maƙogwaro, ba kamar ha babba, ه, mai fitowa da numfashi kawai ba. Amma wahalar ba ɗaya ba ce. A Muhammad, ha ɗin na tsakanin wasula biyu, don haka ko mutum bai iya matse maƙogwaro ba, zai faɗi wani abu mai kama da shi ya wuce. Abin da ake yawan ɓatawa shi ne shaddar mim ta biyu. Mu-ham-mad ne, gaɓa uku, a riƙe leɓɓa a rufe ɗan lokaci a tsakiya. In aka sake ta, an rushe ginin da ya ba sunan ma'anar maimaici.

A Ahmad da Mahmud kuwa ha ɗin na da ɗauri, baƙi na biye da shi kai tsaye, kuma harsuna da yawa ba su saba da hakan ba. Hausa ba ta son h a ƙarshen gaɓa, shi ya sa ta jefar da shi ta ja wasalin, aka samu Amadu da Mamuda. Haka Amadu ya bazu daga Senegal zuwa Kamaru. Bature kan ce Amed, ko ya taurara shi ya koma Akmed. A Rasha da yankin Kokesas yakan koma kh mai karce maƙogwaro. A nan Muhammad ya fi Ahmad sauƙin fita a bakin baƙo, ban da cewa babu inda za a je a duniya a ce ba a taɓa jin sa ba. Ɗan damben nan da ya ajiye sunan Cassius Clay ya ɗauki Muhammad Ali a 1964 ya kai shi har kunnen waɗanda ba su san komai game da Musulunci ba. Amma ta wajen gajarcewa, Ahmad ya fi tsira da siffarsa. Gaɓa biyu ne, babu abin yankewa. Muhammad kuwa an yanka shi ta ko'ina: Mamman, Mamadu, Hamma, Modu a Barno, Momodu a ƙasar Yarbawa, Magomed a Dagestan, Mo a Ingila.

Wasalin u da ke ƙarshen Muhammadu da Ahmadu ba kuskure ba ne, kamar yadda wasu 'yan boko ke ɗauka. Rufu'ar Larabci ce ta haɗu da son da Hausa ke yi wa kalma ta ƙare da wasali. Wanda ya yi nahawu zai ƙara da cewa Ahmadu ma ya fi zama daidai a Larabcin kansa, domin Ahmad ba ya karɓar tanwini, alhali Muhammad cikakkensa Muhammadun ne.

Sai rubutu da boko, inda Muhammad ke da matsalar da ba ƙarama ba. A Larabci hanyar rubuta shi ɗaya ce, haruffa huɗu. Da boko kuwa sai wanda ya gani: Muhammad, Mohammed, Mohamed, Mohammad, Muhammed, Mahamadou, Mahamat. Dubi Jamhuriyar Nijar kaɗai. Mahamane Ousmane ya hau mulki a 1993, Mamadou Tandja a 1999, Mahamadou Issoufou a 2011, Mohamed Bazoum a 2021. Shugabanni huɗu, suna ɗaya, rubutu huɗu. A Somaliya Maxamed ake rubutawa, domin x ce ke tsaya wa ha ƙarami a rubutunsu. A Ingila da Wales, hukumar ƙididdiga na ƙirga kowane rubutu daban, kuma duk da wannan rarrabuwar, Muhammad mai wannan rubutun ya zo na ɗaya a sunayen jarirai maza na 2023 da yara 4,661, ya ture Noah, yayin da Mohammed da Mohammad ke can ƙasa a jerin a matsayin wasu sunaye na daban.

Illar wannan ba ta bayyana sai an girma. Takardar haihuwa ta ce Muhammad, shaidar kammala makaranta ta ce Mohammed, banki ya rubuta Moh'd, fasfo ya zo da Muhammed. A idon mutum duk abu ɗaya ne, amma kwamfuta harafi take dubawa, a wurinta mutum huɗu ne. Daga nan sai rantsuwar kotu da neman gyara da jiran da ba ya ƙarewa, wani lokaci har tafiya ko gurbin karatu su suɓuce. Ahmad ma bai kuɓuta gaba ɗaya ba, amma rigimarsa ƙarama ce: Ahmad ko Ahmed, sai Ahmet na Turkawa da Amadou na ƙasashen renon Faransa. Rubutun da ya fi kusa da wasulan Larabci shi ne Muhammad da Ahmad da Mahmud. Masu o da e sun biyo karin harshen yau da kullum na wasu ƙasashen Larabawa da kuma kunnen Turawan mulkin mallaka. Kowanne ka ɗauka ba laifi, sai dai ka tsaya a kansa tun daga takardar farko, kada a gajarce, kada a sa waƙafin sama a tsakiya. Ka kuma tuna layin nan na ƙasan fasfo da na'ura ke karantawa gurbi 39 kawai ya ware wa suna gaba ɗaya. Muhammad da abokin rakiyarsa da sunan uba da na kaka na iya cika shi har a yanke wutsiya.

Wani abin dubawa shi ne sunanka kai uban. Inda sunan mahaifi ke zama suna na biyu, mai suna Muhammad da ya sa wa ɗansa Muhammad ya samar da Muhammad Muhammad, wanda a kowace rajista yana da takwarori masu cikakken suna irin nasa. Rikicewar sakamakon jarrabawa, ko fayil ɗin asibiti, ko a tsare mutum a filin jirgi saboda wani mai irin sunansa, duk sun fi kusa da mai irin wannan suna. Ahmad Muhammad ya fi fita sarai, ga shi ya haɗa sunayen Annabi biyu a layi ɗaya.

Mahmud fa? Suna ne mai kyau, mai tarihi: Sarki Mahmud na Gazna da ya rasu a 1030, Mahmud Khalil Husari da duniya ta san ƙira'arsa, Mahmud Darwish mawaƙin Falasɗinu. Ya fi sauran biyun ƙarancin takwarori, don haka ya fi su ware mai shi. Malamai da yawa na lissafa shi cikin sunayen Annabi ta hanyar siffa, ko da yake masu sira sun ce giwar Abrahata ma sunanta ke nan, abin da ke nuna Larabawa sun san kalmar tun kafin aiko Manzo. Ya dace da gidan da ya riga ya samu Muhammad da Ahmad, ana son na uku daga saiwa guda. A furuci a kula da jan u ɗin ƙarshe, Mah-muud, kada a haɗiye shi.

Idan ni za a tambaya, ga ɗan fari a gidan da uba ba Muhammad ba ne, kuma an riga an tanadi suna na biyu da ake so a ji ana kira, Muhammad ya dace, babu ja. Amma in uba Muhammad ne, ko akwai wa mai sunan, ko kuma kana so abin da ka raɗa ya zama shi ne abin da malaminsa da abokansa da matarsa za su sani, ɗauki Ahmad. Ranar da za a cike takardar haihuwa kuma, kada ka faɗa wa ma'aikaci sunan da baki ka bar shi ya rubuta yadda ya saba. Rubuta masa a 'yar takarda da manyan baƙaƙe, ka duba abin da ya shigar kafin ka sa hannu.